Kaltume da Karsanar Habbanaye

Idan ka shiga Kwargaba ta hanyar fadama ka ce gidan Lauwali mai albasa kake nema, za a tsaya ana tunani, don masu albasa a garin suna da yawa, Lauwali ma ba ɗaya ba ne. Amma ka ce gidan Kaltume mai raguna, duk wanda ka tarar zai nuna maka da baki. Ita kuwa wannan suna bai taɓa yi mata daɗi ba. Ba da raguna ta so a san ta ba. Saniya take so, tun tana 'yar mitsitsiya, kuma sai da furfura ta fara leƙo mata sannan igiyar saniya ta shiga hannunta. Ko a lokacin ma saura kaɗan ta fita.

A Rara aka haife ta, cikin ƙasar Rabah, gidan manoma gaba da baya. Gero da dawa da wake da damina, albasa da rani. Dabbar gidansu ba ta wuce awaki da wani jaki mai taurin kai. Amma kowace kaka, in an kwashe amfani, wasu Fulani kan sauka a gonar babanta, shanunsu su ci kara su bar masa taki, shi kuma ya ba su damman gero. Wata safiya aka aiki Kaltume ta kai wa matan rugar yaji da daddawa. Ta tarar da wata mata a tsugune gefen saniya, ƙwarya tsakanin gwiwoyinta, tana tatsa. Kaltume ta manta da aike. Ta tsaya tana jin ƙarar nono a gindin ƙwarya, da fari da kaifi, can kuma ta yi taushi da kumfa ta taso.

Wata yarinya tsararta, 'yar matar nan, ta zo ta tsaya kusa da ita. Sunanta Hassana.

"Mi kike kallo, Kaɗo? Ba ki taɓa ganin saniya ba?"

"Na gani mana. Inda nono ka hitowa na ban taɓa gani ba."

Hassana ta yi dariya, ta ɗebo mata a ludayi, da ɗuminsa. Sannan ta nuna wata maraƙa da ke ɗaure ta ce, "Waccan tawa ta. Ranar sunana anka ba ni uwarta."

Wannan magana ita ta tsaya wa Kaltume. Yarinya kamarta, ƙafa duk ƙura kamar tata, amma tana da saniya. Tana komawa gida ta tari uwarta a bakin murhu.

"Inna, ni mi anka ba ni ranar sunana?"

"Suna anka ba ki. Bai ishe ki ba?"

"Tau ni sai na yi saniya tawa, in tatse ta da hannuna."

"Allah shi ba ki. Kahin nan miƙo min muciya."

Aka yi dariya aka wuce, ita ba ta wuce ba. Sa'o'inta na yin 'yar tsana da kara, ita tana bayan ɗaki tana gina shanun laka, tana yi musu ƙaho da ƙaya. Kowace kaka kuma in Fulanin sun sauka, ita da Hassana ba sa rabuwa.

Da ta isa aure Lauwali na Kwargaba ya fito, tana sonsa yana sonta. Tun wajen zance ta gaya masa ita fa saniya take so. Ya ce garke guda zai saya mata. Maganar samari ce, ita ma ta sani. Don haka tana tarewa ta tsara abinta da kanta: kaza ta haifi akuya, akuya ta haifi tunkiya, raguna kuma su sayo karsana. Wajen uwar mijinta ta koyi turka, wato a ɗaure dabba wuri guda a inuwa, a yi ta dura mata harawa da dusa da ruwan tsari har ta cika ta batse. Ta koya, har ta fi mai koya mata. Ragon Kaltume in ya fito kasuwar Wurno gab da Layya, dillalai sun san shi tun daga nesa.

Sai dai duk lokacin da ragunan suka kusa zama karsana, sai wani abu ya riga ta. Shekarar da ruwa ya cinye fadama, su aka sayar aka ci. Da babbar 'yarta ta tashi aure, su suka zama gado da kwanuka. Da Lauwali ya kwanta ciwon ƙafa, su suka tafi asibiti. Ba ta taɓa yi wa kowa gori ba. Takan share turken, ta sayo ɗan rago ramamme, ta sake daga farko.

Hassana kuwa ta auri wani mutum mai suna Bube, rugarsu tana yawo tsakanin Wurno da Goronyo. In sun sauka kusa, takan shigo Kwargaba da ƙwaryar nono a ka, ta gama zagayenta, ta ƙare a ɗakin Kaltume. Su dama fura, su yi ta tsiya, wannan ta ce Kaɗo, waccan ta ce Bahillata.

Wata bazara ta yi tsanani, ciyawa ta ƙare ƙaf a daji, maruƙan su Hassana suka fara kwanciya ba sa iya tashi. Hassana ba ta roƙa ba, ba halinsu ba ne. Cikin hira kawai ta ambata. Washegari Kaltume ta sa aka sauke harawar waken da ta tara a kan rumfa, duka, aka ɗora wa jakuna zuwa ruga. Ragunanta na wannan shekara haka suka je kasuwa ba kumari, dillalai har suna tambaya ko lafiya.

Bayan kaka, wani hantsi, aka yi sallama a ƙofar gida. Bube ne da sandarsa a kafaɗa, Hassana a bayansa riƙe da igiya, a ƙarshen igiyar kuma wata karsana fara, gudale, mai gajeren ƙaho da laɓɓan wuya. Sunanta Dane.

Akwai wata al'ada ta Fulani da suke kira habbanaye. Mutum ya ɗauki karsana daga cikin nasa ya ba wanda yake ƙauna ya riƙe. Ba sayarwa ba ce, ba kuma kyauta ba. In ta haihu, abin da ta haifa na mai riƙo ne, nono ma nasa, uwar kuma a mayar wa mai ita. Da haka wanda ba shi da ko kofato yake kafa garke. Tsakaninsu suka fi yi, bai cika fitowa waje ba.

Bube ya tsuguna a zaure gaban Lauwali ya yi bayani, Kaltume na ji daga bayan ƙyaure.

"Malam Lauwali, wagga cikin shanun Hassana take, ita tac ce a kawo ma ƙawarta. Sai dai da magana guda. An riga an yi ma ɗiyarmu Adawiyya alkawarinta, da ita za ta tare gidan mijinta. Kaka ukku muna iya jira. In ta ukkun ta zo, sai mu karɓa. Abin da tah haihwa kahin nan, naku na."

Lauwali ya yi ta godiya. Kaltume kuwa da Hassana ta miƙa mata igiyar, sai ta riƙe da hannu biyu kamar za a ƙwace.

"Ke Kaɗo, saki kaɗan mana, za ki shaƙe ta."

To, a nan ne aka yi kuskuren, kuma da kyakkyawar zuciya aka yi shi.

Kaltume ta dubi Dane ta ga amana, ta ga kuma abin da ta jira tun tana yarinya. Zamani ya lalace, ana jin labarin shanun da aka kora daga daji ba a sake ganinsu ba. Ta ce ko ƙofar gida Dane ba za ta leƙa ba. Hanya ɗaya ta sani ta nuna wa dabba ƙauna, ita ce turka. Ta sa aka kafa rumfa sabuwa a tsakar gida, aka kewaye da zana. Harawar wake mai ganye, ƙowa, dusar gero da ɗan gishiri, ruwan tsari da kanwa, safe da yamma. Tana wanke ta, tana cire mata kaska, tana yi mata hayaƙi saboda ƙuda.

Lauwali yakan dawo daga fadama ya tsaya ya duba kwanon tuwonsa, ya duba kwamin Dane.

"Kaltume, in da hali a musanya muna. Ni a kai ni rumhwa."

"In kana ba da nono sai a kai ka."

"Ita tana badawa?"

"Za ta bada, in sha Allahu."

Dane ta yi kyau, ba a magana. Tozo ya tashi, gashi na sheƙi, in ta juya sai duk jikinta ya kaɗa. Abu ɗaya ne ke damun Kaltume. Kusan kowane wata sai Dane ta yi kwana ɗaya ko biyu tana kuka, tana zagaya turke, tana fizgar igiya, ta ƙi cin abinci. A sanin Kaltume, dabbar turka in ta yi kuka yunwa ce, in ta ƙi ci kuma abincin ne bai yi mata ba. Sai ta canza dusa, ta ƙara kanwa, ta nemo ganyen dankali daga fadama. Bayan kwana biyu Dane ta yi shiru ta koma ci, Kaltume ta ce ta gano maganin abin.

Ba wai ba ta san sai da namiji ake haihuwa ba. Sau ɗaya Lauwali ya roƙo bijimin wani maƙwabci aka shigo da shi. Amma ranar da suka zaɓa ranar da mai bijimin ba shi da aiki ce, Dane kuwa tana kwance lafiya lau tana tuƙa. Bijimin ya shinshina ta, ya juya ya cinye mata dusa, aka fitar da shi. Kaltume ta ce komai da lokacinsa.

Za ka ce ina Hassana duk wannan? Ai wanda ya ba da habbanaye ba ya zuwa duba dabbarsa, kunya ce, kamar ya ce bai yarda da mai riƙo ba. Ga shi kuma sun matsa can wajen Kagara ta ƙasar Goronyo, zuwanta ya yi wuya. In sun haɗu a wajen biki ko gaisuwa, iyaka ta ce, "Ya Dane?" Kaltume ta ce, "Lahiya lau, ta yi kyau ƙwarai." Hassana ta ce madalla, ta kama wata hira. Haka damina ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce.

Wanda ya farkar da ita Maccido ne, mahaucin garin. Ya shigo duba wani rago, idonsa ya faɗa cikin rumfa. Ya manta da ragon. Ya zagaya Dane, ya danna bayanta da babban yatsa, ya kama gindin wutsiya.

"Inna Kaltume, wagga hwa ta kai. In kinka ƙara mata wata biyu sai ta hwara komawa baya. Ki yi min magana in kawo wuƙa."

"Wuƙa? A'uzubillahi! Wagga ta haihuwa ta, ba ta yanka ba."

"Haihuwa?" Ya sake dubanta. "Inna, ni dai nama na sani. Amma na buɗe cikin irinsu da yawa. Wadda kitse yar ruhe haka, ban cika ishe ɗa cikinta ba."

Ta kore shi, ragon ma ta fasa sayar masa. Amma maganar ta zauna. Ta lissafa ta ga damina ɗaya ta rage kafin kakar da Bube ya ambata. Ta aika wa Hassana cewa ta zo, ba gaisuwa ba, ta zo ta ga Dane da idonta.

Hassana ta zo ita da Bube. Allah ya sa ranar ta dace da kukan Dane, tun daga bakin gari suke jin ta. Da suka shiga rumfa, Bube ya tsaya cak, ya cire malfarsa, ya mayar.

"La'ilaha illallahu. Hassana, wagga Dane ta, ko dorina?"

Hassana ba ta yi dariya ba tukuna. Ta zagaya bayan saniyar, ta ɗaga wutsiya ta duba, ta dawo.

"Kaltume, tun yaushe take wanga kuka?"

"Tun zuwanta. Duk wata sai ta yi. In na sake mata dusa sai ta bari."

"Duk wata. Kina sake mata dusa."

"I mana. Wani lokaci har da ganyen dankali."

Nan Hassana ta zauna daɓas a kan turmi, ta rufe fuska da gyale, kafaɗunta na rawa. Bube ya juya baya yana tari, wai shi kunya.

"Kaɗo, Kaɗo! Ba dusa take kira ba. Miji take kira! Shekara biyu baiwar Allah tana kiran miji, kina ba ta ganyen dankali!"

Lauwali da ke tsaye bakin rumfa ya ce, "Ni ma na hwaɗi a raina."

"Ba ka hwaɗi komi ba," in ji Kaltume. Amma muryarta ta yi ƙasa. Ita ba ta ga abin dariya ba. Ta ga shekara biyu da ta zubar da hannunta.

Da dariya ta lafa, Bube ya yi magana ta hankali. Ya ce ko yau aka kawo bijimi da wuya ta ɗauka, kitsen ya yi yawa. Magani ɗaya ne, a kwance ta ta bi garke. Ta yi tafiya, ta sha rana, ta ci ciyawar da ta samu, ta zauna cikin 'yan'uwanta inda bijimi zai san ranarta ba sai an gaya masa ba. Ruwa na sauka za su hau tudu da shanu, nesa da gonaki. In ta yarda, su tafi da ita.

Kaltume ta ce a ba ta zuwa Azahar.

Ta shiga ɗaki, Lauwali ya biyo ta. Shi bai so ba. Ya ce daji ba lafiya, in wani abu ya sami Dane a can, da sunan riƙon Kaltume zai same ta. Ya ce kuma, in ta koma cikin garkensu, kaka ta zo wa'adi ya cika, wa zai sake korota Kwargaba? Gara a bar ta nan, a rage mata ci, a roƙo bijimi ranar da ta yi kuka.

Duk abin da ya faɗa ta riga ta faɗa wa kanta. Amma ta san hannunta. Ta san in Dane ta dube ta ta yi kuka sau ɗaya, sai ta kai mata dusa. Da aka yi sallah ta fito, ta durƙusa ta kwance igiyar daga turke. Ƙullin ya daɗe har ya ci itacen, sai da ta sa haƙori.

Dane ta fita ƙofar gida tana haki tun kafin a kai bakin masallaci. Yara da manya suka fito kallo. Kaltume ta biyo su da ƙullin kanwa da buhun dusa a ka.

"Kaltume, koma da dusarki," in ji Bube. "Kanwar dai kawo."

Daminar nan Kaltume ta yi ta da rumfa wayam. Ta sa raguna a ciki, ta ga ba su cika ta ba, ta fitar. Duk wanda ya fito daga wajen Goronyo sai ta tambaye shi labarin daji. Wata rana aka ce an kori wasu shanu, ta wuni ba ta ci ba, sai da Lauwali ya samu Bube a waya ya ce ba wajensu ba ne. Ta karɓi wayar ta ce ya Dane. Bube ya ce tana nan, ta daina zama ta baya in ana tafiya. Iyakar abin da ya ce ke nan.

Aka yanke gero, aka ɗaure, aka kai rumbu. Kaka ta uku ta zo. Labari ya iso cewa su Bube sun sauko, har an sa ranar tarewar Adawiyya. Ba wanda ya ce wa Kaltume komai game da Dane. Lauwali ya ce ta je ta tambaya. Ta ce ba za ta ba. An ce kaka uku, kaka uku ta cika, mutane sun cika maganarsu, ita ce ba ta yi amfani da nata lokacin ba. Ta haɗa wa amarya gudummawarta, tabarma da kwalla da turmin atamfa, ta aika. Ta sayo 'yan raguna biyu ramammu ta ɗaure.

Abin da ba ta sani ba, a ruga ana can ana ja. Dane ta ɗauki ciki tun tsakiyar damina. Bube ya ce magana magana ce, wa'adi ya cika, dangin miji sun san da Dane a cikin shanun amarya, ba zai je ya ce musu ta ragu ba. Hassana ta ce ita ba ta taɓa jin an karɓi habbanaye hannu wofi ba, kuma cikin nan a riƙon Kaltume aka same shi. Suka kwana biyu ba sa shan fura a ƙwarya ɗaya. Da abin ya ƙi ƙarewa, aka ce a tambayi mai saniya.

Ranar wata kasuwar Wurno, da la'asar, Kaltume na tankaɗe sai ta ji kukan saniya a ƙofar gida. Ta san muryar. Ta fito da gari a hannu. Hassana ce, da wata budurwa doguwa mai lalle a ƙafa riƙe da igiya. Adawiyya ke nan. Dane kuwa ta zube, ƙashin baya ya fito, gashin ya dushe, duk jikinta tabon ƙaya.

"Wayyo Dane! Mi kunka yi mata haka?"

"Mun gyara miki ita," in ji Hassana. Ta kamo hannun Kaltume, da garin da komai, ta danna shi a gefen cikin saniyar na dama, can ƙasa. "Tsaya. Kada ki yi magana."

Kaltume ta tsaya. Can sai wani abu ya motsa a ƙarƙashin tafinta, ya ture ta, ya koma.

Adawiyya ta durƙusa ta gaishe ta, sannan ta miƙa igiyar, kanta a ƙasa.

"Inna, na ce ma Baba ni in tare da sauran. Wagga ta ishe ni can in ta yaye. In dangin miji sun tambaya, ni ka ba su amsa."

Kaltume ta yi ta sa wa yarinyar albarka, tana maimaitawa. Hassana ta katse ta.

"Bari kuka ki ji sharaɗi. Da sahe ta bi shanun gari, da marece ta dawo. Dusa tahi guda, ba ƙari. In na zo na ishe ta ta koma dorina, da ni da ke."

"Tahi guda nawa ko naki? Naki ƙarami na."

"Nawa."

Da bazara, wata safiya bayan an kaɗa shanu kiwo, Dane ta ƙi fita. Kafin hantsi ta haihu a rumfar nan, Kaltume na tsugune gefe tana salati, ba ta taɓa komai ba don Hassana ta ce kada ta taɓa. Da ɗan ya faɗo, uwar ta lashe shi, Lauwali ya leƙa ya ɗaga ƙafar baya.

"Mace ta."

"Duba da kyau, Malam."

"Kaltume, albasa nike nomawa, amma wanga dai na sani."

Tatsa ma sai da aka koya mata. Ranar farko da ta gwada, Dane ta riƙe nononta ƙam, ta kuma sa ƙafa ta watsar da ƙwaryar. Hassana ta zo ta nuna mata: a fara sakin maraƙa ta tsotsa har nono ya sauko, a janye ta a ɗaure gaban uwar inda za ta riƙa lasarta, a ɗaure ƙafafun baya, sannan a tsuguna. Yatsun Kaltume sun saba da dusa da igiya, ba su saba da wannan ba, suka yi ta ciwo. Abin da ta samu ranar bai rufe gindin ƙwarya ba. Ta dafa shi, ta raba wa jikokinta a ludayi, ta ba Lauwali, ita ta kurɓi abin da ya rage.

Da maraƙar ta isa yaye, Kaltume da Lauwali suka kai Dane da kansu har rugar mijin Adawiyya, da goro da kanwa da zane, kamar yadda ake yi. Adawiyya ta fito da goyo ta karɓi igiyarta. Kaltume ta tsaya tana yi mata bayanin irin harawar da Dane ta fi so, har sai da Lauwali ya ja gefen mayafinta.

Maraƙar tana nan Kwargaba, ta zama saniya, ta yi haihuwar fari namiji, yanzu tana da ciki na biyu. Kaltume ba ta bar turka ba, da ragunan take sayen harawar rani da maganin dabbobi. Ta ce in Allah ya kai shanun huɗu za ta tsaya, don iyakar abin da rumfarta da ƙarfinta za su ɗauka ke nan. Kowace safiya ita ke rakiyarsu har bakin gari wajen makiyayi, ta tsaya sai sun shige cikin sauran, sannan ta juyo gida ta ɗora koko.